Ɗakin da Rana Ba Ta Shiga

"Riƙe ta ta ƙugu, ba ta wuya ba," in ji tsohon daga saman matakala. "Kai da kake auna mata kullum, ba ka san inda ake riƙewa ba?"

Tela ya yi 'yar dariya, ya gyara riƙo, ya ci gaba da saukowa. Jitar ta fi yadda ya zata nauyi. Doguwa ce, baƙa, mai wayoyi huɗu masu kauri, irin wadda idan aka kaɗa ƙirji ke riga kunne ji. Fentin bayan wuyanta ya goge, katakon ya yi sulɓi saboda shekarun da babban yatsa ya yi yana kai da kawowa a kai. Ga ta da zafi kamar an ɗauko ta daga bakin murhu.

Baba Bas ya biyo shi, hannu ɗaya dafe da bango, yana hutawa a kowane taki. Haka duk gidan ke kiransa, da sunan irin jitar da yake kaɗawa, har yaran da ba su taɓa jin ya kaɗa ba. A zamaninsa ya yi kiɗa a manyan otal da zauruka. Abokan kiɗan wasu sun mutu, wasu, in ji shi, sun tuba, shi kuma ya ƙare a ɗakin can sama na gidan haya, ƙarƙashin kwano, ba silin. A shekarar nan da zafi ya zo da fushi, kafin rana ta take ɗakin ya zama tanda.

Shagon Tela yana ƙasa, bakin titi. A bayansa akwai ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala inda yake jibge yadin mutane da kayan da ba a zo karɓa ba. Bangonsa mai kauri ne, tagarsa ɗaya tana kallon katangar maƙwabta, rana ba ta taɓa leƙa shi ba. Ko da tsakar rana ka taka daɓen sai sanyi ya ratsa tafin ƙafarka. Nan tsohon ya roƙa a ajiye masa jitar.

Kafin a rataye ta, ya kafa gindinta a kan teburin yanka, ya rufe ido ɗaya, ya bi wuyan da kallo daga sama zuwa ƙasa, sannan ya ce Tela ya zo ya gani. Tela ya duba. Wuyan ya ɗan rankwafa, wayoyin sun ɗaga sun bar katako. Tsohon ya yi masa bayani yana haki: idan zafi ya bugi wayoyin sai su saki, murya ta faɗi, sai ka murɗa kunnuwan ka ɗaga ta. In gari ya ɗan huce su kuma su tsuke, su ja wuyan da ƙarfin da ya wuce kima, katakon da zafi ya riga ya busar ya bi su. Har ƙananan ƙarafan da aka gitta a wuyan sun fara leƙowa ta gefe suna yanka masa yatsu, don itacen ya motse ya bar su. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake murɗawa da ɗan makulli a miƙar da shi, amma tasa ta kai ƙarshe, ƙari ɗaya za ta karye.

"Ita ba ta iya cewa wayyo," ya ce. "Sai dai ta lanƙwashe."

Tela ya buga ƙusa tsakanin tarin yadi, aka rataye ta.

Daga ranar, kullum in rana ta ɗaga sai a ji takun tsohon a matakala. Zai ce ya zo gaida matarsa. Matar Tela, idan ta kawo abinci shago, takan ce masa ai wannan aure ne na masu hali, miji a sama mata a ƙasa, shi kuma ya ce ita ce mace ɗaya da bai taɓa saki ba, don ba ta taɓa tambayarsa ina ya kwana ba. Sai ya shiga ɗakin, ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ya ɗora jitar a cinya, ya yi ta murɗa kunnuwan yana kara kansa da katakon, domin ba lasifika, muryarta ba ta wuce tsawon hannu. Ba ya daɗewa yake gama saitin. Amma ba ya fita. Keken Tela na ta tafiya a waje, shi kuwa barci ya kwashe shi a zaune, baki buɗe, kumburarrun ƙafafunsa shimfiɗe a kan daɓe mai sanyi.

Tela ya san abin da ke damun ƙafafun. 'Yar tsohon, wadda ke aiki a wani gari mai nisa, ta kira shi tun farkon zafin, ta ce likita ya ce zuciyar babanta ta raunana, kada ya zauna inda zafi ya yi yawa. Ta ce don Allah Kawu a riƙa duba mata shi, da ta sami hutu za ta zo. Ya ce ba komai, ai uba ne.

Matar Tela ce ta fara kawo maganar, wata rana suna kallon tsohon yana barci. Ta ce a kwashe yadin nan a kai ɗakinsu, a shimfiɗa wa bawan Allah katifa har zafi ya wuce, me zai ci musu? Tela ya ce zai yi tunani.

Kuma ya yi tunanin, domin shi mutum ne mai tunani. Yana taka keke yana juya maganar. Idan ya ɗauki tsohon, 'yar ba za ta zo ba har abada, tunda ta sami wanda ya sauke mata nauyi. Ashe taimakon nasa zai raba uba da 'yarsa ke nan. Idan kuma ya ce masa ya sauko, kamar ya ce masa ne ka kasa, kuma mutumin da ya taɓa tsayawa gaban fitilu ana tafa masa ba ya son a gaya masa haka. Sannan in wani abu ya faru a ɗakinsa, wa za a tambaya? Ga tari, ga fitsarin da tsohon ya fara kasa riƙewa, ga yadin amare na mutane. Da ya iso kan wannan na ƙarshen sai ya ji kunya, ya koma kan na farko, wanda ya fi kyan gani. Bai taɓa cewa a'a ba, ko a zuciyarsa. Yana auna maganar ne kawai, yana sake aunawa, zafi kuma bai tsaya jiransa ba.

Wata rana tsohon ya farka, ya dubi filin da ke tsakanin bango da tarin yadi, ya daɗe yana duba. Ya ce, kamar da wasa, ashe wurin nan tabarma za ta shiga. Tela ya gane sarai abin da ake roƙonsa. Allura na bakinsa a lokacin. Ya cire ta, ya ce ai ɗakin ya fi yadda ake ganinsa faɗi, ya koma kan keke. Tsohon ya ce haka ne, maginan da sun iya gini. Bai ƙara ɗaga maganar ba.

Bayan 'yan kwanaki takun ya daina saukowa. Matar Tela ta hau da ruwan sanyi, ta dawo idonta ya yi ja, ta ce ƙafafun sun ƙi ɗaukarsa, ya ce a kai masa matarsa ya gan ta. Ta tsaya a bakin shago ta dubi mijinta, ta tambaye shi ko tunanin ya nuna. Ya ce ta bari ya gama wannan hannun rigar.

Da hantsi ya ɗauki jitar ya hau. Tun daga rabin matakala iskar ta sauya, da ya tura ƙofar kuwa sai zafi ya mare shi a fuska. Kwanon yana ƙara shi kaɗai. Fankar ƙasa na juyawa tana kwaso wuta daga wannan kusurwa tana kaiwa waccan. Tsohon na kwance a kan katifa ba riga, jiƙaƙƙen tawul a ƙirji wanda ya riga ya bushe ta gefe. Da ya ga jitar ya yunƙura ya jingina da bango, ya karɓe ta, ya ce sannu da zuwa amarya, kin yi sanyi, ana kula da ke.

Ya kaɗa babbar wayar, ya saurara, ya gyaɗa kai. Yatsunsa suka bi wuyan a hankali, suna neman wata tsohuwar hanya. Tela ya tsaya a bakin ƙofa gumi na bin bayansa, yana jin ɗan gurnanin da ke fita daga katakon. Maganar tana bakinsa. Ya ga yadda za a yi: shi ya kama kafaɗu, mai facin taya na ƙofar gida ya kama ƙafafu. Ya ga kuma yadin amaren.

Ba a jima ba tsohon ya dakata. Ya sake kaɗa babbar wayar, ya ɓata fuska.

"Ka ji? Ta fara faɗuwa."

Tela bai ji komai ba, amma ya ce ya ji.

Tsohon ya sassauta kunnuwan ɗaya bayan ɗaya har wayoyin suka yi laƙwas, ya goge wuyan da gefen zanin gado, ya miƙo ta da hannu biyu.

"Sauka da ita, ɗana. Nan zai kashe ta."

Tela ya karɓa. Ya riƙe ta ta ƙugu. A kan matakala ya tsaya sau ɗaya, ya juya ya dubi ƙofar da ya bari a buɗe. Abu biyu zafi ke ci a ɗakin nan, shi kuma ya ɗauko wanda aka ce ya ɗauko. Ya gaya wa kansa cewa ai ya yi abin da aka roƙe shi, kuma mutunta mutum shi ne ka yi masa abin da ya roƙa da bakinsa. Maganar ta yi masa daidai har ya kai ƙasa. A shago ya tarar da wata mata tana jiransa da fushi kan ɗinkin da ya wuce alkawari.

Rana ta ɗan karkata lokacin da matarsa ta sake hawa da ruwa. Bai ji ihu ba. Ya dai ji kofin ƙarfe yana gangarowa daga matakala, taki bayan taki, har ya tsaya a bakin shago. Ya ɗaga ƙafarsa daga keke.

Mutanen gida suka taru a saman, ba wanda ya iya daɗewa a ciki. A shiga a duba, a fito ana share gumi. Tela ne ya kira 'yar. Da ta ji rasuwar, ta ce tana hawa mota yanzu, za ta iso kafin duhu, don Allah Kawu kada a kai shi ko'ina sai ta ga fuskarsa. Ta yi masa godiya kan duk abin da ya yi wa babanta. Ya ce ba komai.

Mai gidan haya ya ce gawa ba za ta jira a wannan wutar ba, ko na ɗan lokaci. Aka dubi juna. Mai faci ne ya ce, "Tela, ba kai ke da ɗaki mai sanyi ba?"

Matar Tela ba ta dubi mijinta ba. Ta sauka, ta fara kwasar yadin. Wasu mata biyu suka kama mata, aka kai ɗakinsu aka zube a kan gado, na amare da na kowa. Kafin mazan su gama shawarar yadda za su juya da shi a kwanar matakala, an share ɗakin, an shimfiɗa tabarma. Tabarmar ta shiga, har da sauran fili.

Tela ya kama kafaɗu, mai faci ya kama ƙafafu. Ba nauyi. Suka sauko da shi a hankali, suka kwantar da shi kusa da bango, matar Tela ta yanko farin yadi daga sabon bandir ta lulluɓe shi. Mutane suka fita ɗaya ɗaya suka koma inuwar ƙofar gida.

Tela ya rage a tsaye. Daɓen na sanyaya masa ƙafa. A waje wani ya ce a rufe ƙofar kada zafi ya shiga. Ya fito, ya jawo ta a hankali har ta kama, ya zauna a kan kujerar keke, hannayensa a cinya.