Dutsen da Auta Ta Gano

Baba Tela mutum ne mai shegen tambaya. Ko mai gyaran famfo ya shigo gidan, sai ya tsaya masa a ka har ya ji dalilin da ya sa ruwa yake hawa sama. To, mutum irin wannan a ce 'yarsa ta gano wani dutse a sararin samaniya? Ai ranar ba wanda ya huta.

Auta, ƙaramar 'yarsa, tana aiki a cibiyar binciken taurari. Ta zo da kwamfutarta har shagonsa na ɗinki, ta ture tsummokaran da ke kan teburin yanka, ta nuna masa hotuna biyu na wuri ɗaya a sama. Taurari duk suna inda suke, sai wani ɗigo guda da ya ɗan gusa.

"Shi ke nan?" in ji shi. "Wannan ai kashin ƙuda ne."

"Baba, wannan kashin ƙudan ya fi garin nan faɗi."

Ya gyara tabarau, ya kai hanci har jikin gilashin. Gaskiyar magana, ɗigon ma bai gani sosai ba. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuwa kullum ƙara tsukewa yake yi, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Likita ya ce masa wata rana ramin zai rufe, kuma ba lallai ya yi sallama ba. Shi dai abu ɗaya yake so kafin ranar: ya ga dutsen 'yarsa da idonsa, ba a kwamfuta ba.

Tambayoyi kuwa sai da Auta ta gaji. Me ya sa duk shekarun nan ba wanda ya gan shi? Ta ce saboda baƙi ne wuluk, cike yake da kabon, sinadarin nan da ke cikin gawayi, hasken rana in ya faɗa masa ɗan kaɗan yake dawowa. Baba ya gyaɗa kai, don ya san wahalar bin baƙin zare a kan baƙin yadi. Mulmulalle ne? A'a, duk ƙulu-ƙulu, kuma wataƙila ba dunƙule ɗaya ba ne, tarin tsakuwa da yumɓu ne suka manne wa juna. Akwai ma alamar ruwa a cikin yumɓun.

"Ruwa a cikin gawayi? Ke Auta, ki ji tsoron Allah."

Sai ya ce a kai shi ya gani. Ta ce ko mai lafiyar ido ba zai hango shi a ƙaramin madubin hangen nesa ba. Baba ya ce to madalla, ya koma kan keken ɗinkinsa yana ta laluben allura, har ta tafi bai ƙara tambayar komai ba. Matarsa ta ce tunda ta aure shi ba ta taɓa ganin bakinsa ya mutu haka ba.

Bayan 'yan watanni Auta ta faɗo shagon tana haki. Lissafi ya nuna dutsen zai gitta ta gaban wani tauraro mai haske, jim kaɗan bayan faɗuwar rana, kuma inuwarsa za ta bi ta kan garinsu. Tauraron zai ɗauke na ɗan lokaci, ya dawo. Daga tsawon ɗaukewar ne ma za su auna girman dutsen.

"Wato ba shi zan gani ba, ɓarnarsa zan gani."

"In lissafin bai kuskure ba, Baba."

Ranar suka hau rufin bene, ita da kayanta, shi da kujerar roba, matarsa na biye tana mitar zai karya ƙafa saboda wata tsakuwar sama. Auta ta kafa madubi biyu, ɗaya da kyamara don aikinta, ɗaya nasa. Ta saita masa, ta ce kada ya taɓa, kada ya ƙifta in zai iya. Ya sa idon dama. Ikon Allah, ga tauraron nan tsaf a tsakiyar ɗan ramin da ya rage masa, fari tas. Rabon da ya ga wani abu sarai haka har ya manta.

Yana cikin tunanin tambayar da zai yi mata, sai tauraron ya ɗauke.

Ba dushewa ya yi a hankali ba, ɗif ya yi. Baba ya san an gaya masa haka za a yi, ya sani sarai, amma gabansa ya yanke ya faɗi, don abin da likita ya kwatanta masa ke nan. Dutsen ne, ko idon ne ya tafi? Duhun duk iri ɗaya ne. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya buɗe baki zai kira Auta, sai ya tuna tana kan aikinta, in ta juyo yanzu ta yi asarar awon. Ya damƙe hannun kujera, ya haɗiye kiran, ya ci gaba da zura ido cikin baƙin.

Sai ga tauraron, tar, a inda yake.

Auta ta daka tsalle tana ihu kamar ƙaramar yarinya. "Ya gitta! Baba, ka gani? Ka gan shi?"

"Na gan shi," ya ce. "Baƙi ne ƙwarai, 'yar nan. Ba ki yi ƙarya ba."

Matarsa ta ce to a sauka haka nan, sanyi ya fara. Bai ko ɗago ba. Hawaye ne suka cika idon suna dama masa hasken, ya sa bakin riga ya share da sauri cikin jin haushi, ya mayar da idon kan madubin.

"Ku je, ina zuwa," ya ce. "Bari in ƙara kallon wannan tukuna, tunda ya dawo."