Tsaf-tsaf a Shagon Ɗinki

Shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan waya yana rarraba wasiƙu. A gabansa akwai wata doguwar kanta mai ramuka kamar ɗakin tantabaru, kowane rami da sunan unguwarsa. Hannunsa ya saba har ba ya jiran shawararsa: ido ya sauka kan adireshi, wasiƙa ta faɗa raminta. Abokan aiki suka laƙaba masa Tsaf-tsaf, sunan kuma ya bi shi har gida.

Da ya yi ritaya, makon farko barci ya sha. Mako na biyu ya jera takalman gidan daga babba zuwa ƙarami. A na uku ya shiga kicin, ya ware cokula kashi uku, ya manna wa kowane gwangwani takarda.

"Malam," in ji matarsa, tana juya gwangwanin a hannu, "gishiri ne ka rubuta wa 'gishiri'? Tun da ka san ni na taɓa zuba maka sukari a miya?"

"Rigakafi ya fi magani," ya ce.

Matar tasa tela ce, shagonta shi ne ɗakin da ke kallon titi. Keken ɗinki biyu, tebur guda, sai ledoji. Leda a ƙarƙashin tebur, leda a bayan ƙofa, leda rataye a ƙusa, wata a kan wata. Duk lokacin da ya wuce ta ƙofar sai ya ji tafin hannunsa yana ƙaiƙayi. Ita kuwa ta riga ta ja masa kunne: ya yi yadda ya ga dama da ko'ina a gidan, amma shago nata ne.

Ana nan sai yayarta ta tashi komawa sabon gida, ta kira ta ta je ta taya ta kwashe kaya. Tafiyar kwana uku ce. Da za ta fita ta miƙa masa makullin shagon.

"Ka riƙa buɗe taga da safe don iska ta shiga. Taga kawai, Malam."

"Taga kawai," ya ce.

Ranar farko ya buɗe tagar, ya tsaya. Wani maɓalli ja yana kwance a ƙasa, sai ya ɗauka don ya mayar da shi wurin 'yan'uwansa. Ya duba, babu wurin 'yan'uwansa. Hali dai zanen dutse ne. Kafin rana ta take ya zazzage leda arba'in da uku a kan tabarma, ya naɗe hannun riga.

Yadudduka ya fara warewa launi-launi. A cikin kowane launi kuma ya fitar da nau'i huɗu: mai fure, mai layi-layi, mai ɗigo-ɗigo, da wanda ba shi da zane. Maɓallai ya kasa su bisa girma, sannan ya lura wasu ido biyu gare su wasu huɗu, sai ya sake lale. Zif ya jera daga gajere zuwa dogo. A kowace leda ya tarar da 'yar takarda mai lambobi, babu suna babu komai, wata an yago ta daga kalanda, wata daga kwalin sabulu. Ya tattara su, ya jera daga ƙaramar lamba zuwa babba, ya soke su da allura. Ya ɗauko katakon da ke jingine a bayan gida ya kafa kanta mai hawa biyar, ya sayo kwalaye ya ba kowanne lamba. A ƙarshe ya buɗe sabon littafi ya zana jadawali: rukuni, sashe, lambar kwali. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, wani ƙaramin kwali da dole ta sa ya rubuta wa "Sauran tarkace". A ganinsa wannan rubutu na malalata ne.

Ranar da za ta dawo ya yi wanka da wuri, ya tsaya a ƙofar shagon kamar mai jiran babban baƙo.

Ta ajiye jakarta, ta shiga. Ta dubi kanta, ta dubi bayan ƙofa, ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin tebur.

"Ina ledojina?"

"Kwali na tara. An ninke su, manya a ƙasa."

Ta jawo kujerar keke ta zauna a hankali. "Ni na jawo wa kaina. Ni na ba kura ajiyar nama."

"Maman yara, duba littafin nan tukuna. Duk abin da kike nema..."

"Malam, kowace leda mutum ce. Yadinta, zarenta, maɓallan da ta zaɓa da kanta, da awonta, duk a ciki. Yanzu ka faɗa mini, a cikin takardun nan da ka soke, wane ƙugu ne na wa?"

Tsaf-tsaf ya dubi takardun da ke soke a allura. A gidan waya, da sabon ma'aikaci zai ware wasiƙu bisa launin ambulan, da shi ne zai fara yi masa dariya. Ga shi yau shi ya aikata, har da jadawali.

Suna cikin haka aka yi sallama. Wata nas ce da ke aiki a asibitin bayan layinsu, ta biyo daga aiki ta tuna wa tela cewa jibi za su ɗauki hoton ma'aikata, kuma a sabuwar rigar take son a ɗauke ta.

"Kai, Anti, shago ya yi kyau!" in ji ta. "Kamar kantin magani."

"Ki gode wa babanki," in ji telar. "Ki kuma tambaye shi inda rigarki take, ni ban sani ba."

Shi dai ya rasa inda zai sa kansa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ledar tata a ina take zaune da?"

"Bayan ƙofa. Baƙa, mai hannu ɗaya."

Ya rufe ido. Mutumin da ya shekara talatin yana tuna wace wasiƙa ta fito daga wane buhu, ashe ƙwaƙwalwarsa ba ta yi ritaya tare da shi ba. "Koren yadi mai fure," ya ce a hankali. "Maɓalli shida ruwan zinare, masu ido biyu. Gajeren zif. Takardar kalanda ce, da talatin da takwas ta fara." Ya buɗe littafinsa, ya bi da yatsa, ya zaro kwali na biyu, na shida, da na bakwai. Kafin nas ta gama gyara mayafinta, kayan suna kan tebur.

Telar ta ɗaga takardar ta duba gaba da baya. "Ita ce," ta ce, ba don ta so ba.

Nas ta yi dariya har da riƙe ƙofa. "Baba, ka zo ka gyara mana ɗakin ajiyar fayil mana. Wata uku muna neman katin wani tsoho."

"Kada ki soma," in ji telar. "Sai ya raba muku marasa lafiya dogaye da gajeru."

Bayan ta ɗinka rigar nas, kwana biyu suka yi a kan tabarmar nan. Ita ta faɗi ledar da inda take, shi ya rufe ido ya lissafo abin da ke ciki. Tana ƙullewa tana ba shi labarin mai kayan: wannan sau uku tana canja wuyan riga, waccan kullum sai ta ja ciki idan ana auna ta. Rabonsu da doguwar hira irin wannan har sun manta. Arba'in suka koma daidai. Biyu suka rikice masa, don takardunsu duk na kwalin sabulu ne, sai ta tura shi gidajen masu kayan ya ba da haƙuri, ya roƙi su dawo a sake awo. Ya tafi, ya dawo da guntun rake da ɗaya daga cikinsu ta ba shi don tausayi.

Kantar kuwa ta ce a bar ta, ta yi mata. Amma ita za ta faɗi rukunan, shi nasa rubutu.

"Hawa na sama, masu gaggawa. Na biyu, masu 'gobe zan zo'. Na uku, masu canja ra'ayi. Na huɗu, masu cewa sun rame."

"Wannan ba rukuni ba ne, gulma ce. Idan suka karanta fa?"

"To ka sa lamba. Ni da kai mun san ma'anarta."

Ya sa lamba, ya rubuta fassarar a shafin ƙarshe na littafin da ƙananan baƙaƙe.

Sai aka bar kaya ɗaya a tsakiyar tabarma, wata shuɗiyar taguwa da aka yanka aka haɗa kafaɗunta, ba wuya ba maɓalli. Ya ce a bayan tsohon keken ya tsinto ledar, takardar har ta yi jaja-jaja don daɗewa.

Ta ɗaga rigar, ta dube ta, sai ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Ta wace ce?" ya tambaya, biro a hannu.

"Ba 'wace' ba ce. Taka ce. Shekarar da aka ƙara maka girma na yanka ta, na ce zan ba ka mamaki, sai aiki ya yi yawa."

"Shekara tara ke nan!"

"To ba ga shi ka yi mamakin ba?"

Ya zura hannuwa ya sa. Kafaɗa ta zauna daram, amma gaban rigar ya ƙi haɗuwa, tsakanin gefe da gefe ya kai taƙi guda. Ya ja ciki iya ƙarfinsa, bai rage ko rabi ba.

"Saki numfashinka, Malam, kada ka faɗi a kan kekena," ta ce. Ta ciro tef daga wuyanta ta zagaya shi da shi. "Akwai ragowar yadin, zan ƙara maka a gefe. Tsaya sosai. Arba'in da..."

"Sassauta murya mana, tagar a buɗe take!"

Daga waje mai gyaran rediyo da ke maƙwabtaka da su ya ɗaga murya: "Ƙarasa, Hajiya, muna ji. Arba'in da nawa?"