Da Sauƙi

"Da sauƙi fa, Auta. Wallahi da sauƙi. Yau har shayi ta sha, kofi guda. Ki yi zamanki, kar ki bar aikinki a banza, ranar biki kya zo gaba ɗaya."

Ina bakin ƙofa da fulas a hannu na ji shi. Manaja ne, babban ɗan maƙwabciyata Tela, ya ba ni baya yana waya da ƙanwarsa. Tun yana yawo ba wando muke ce masa Manaja, saboda shegen son ba da oda. Shayin da yake faɗa kuwa ni na ba ta, cokali biyu ta kurɓa ta dawo da shi.

Ina asibiti ranar da aka sallame ta. Ina bayan labule ina tattara kwanuka likita ya ce masa, "Ku kai ta gida. Duk wanda ya kamata ya gan ta, a kira shi yanzu." Da muka fito na tare shi, ya rantse min a ranar zai kira Auta. Kullum na tambaya sai ya ce tana neman izini a wajen aiki. Ashe ƙarya yake shirga min, ni da na goya shi a bayana.

Ya juyo ya gan ni, ya tura wayar aljihu.

"Gwaggo, ba za ki gane ba. An riga an raba katin bikina. In Auta ta zo yanzu ta fara koke-koke, dangin amarya cewa za su yi a ɗaga."

"Uwarka ce a kwance."

"To ai shi ya sa! Kar a karya mata zuciya. Don Allah in kin shiga, ki ce mata da sauƙi."

Na raɓe shi na wuce. Da na buɗe baki a lokacin, da fulas ɗin nan a kansa zai ƙare.

Ɗakin Tela yana nan yadda na san shi shekara da shekaru. Keken ɗinki a gindin taga, an lulluɓe shi da tsohon zani. Gwangwanin maɓallai a kan kabad, ƙyallaye a kwali. A jikin ƙusa kuma farar rigar angon a rataye, wadda ta gama tana cije leɓe kafin ciwon ya kayar da ita. Ita kuwa ta ƙanƙance a gado har katifar ta yi mata yawa. Wayarta ma Manaja ya karɓe, wai likita ya ce ta huta.

"Maƙwabciya," ta ce, "zauna nan inda zan ga idonki."

Na zauna.

"Kowa ya shigo, ya jiki, kafin in amsa ya amsa min, da sauƙi. Ni da jikina an fi ni sani. Jiya na ce wa Manaja ina son mu yi magana, ya ce haba Mama, ke da za ki yi rawa a bikina. Ke ma da sauƙi kika kawo min?"

"A'a."

"To faɗa."

"Mutuwa za ki yi, Tela. Likita ya ce kwanakin ba yawa."

Ta lumshe ido. Na ɗauka na kashe ta da bakina. Sai na ga ta saki wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunta suka sauka.

"Alhamdulillahi. Yau dai an yi min magana kamar mutum."

Muka yi hira irin wadda rabonmu da ita tun kafin ta kwanta. Na tambaye ta ko tana tsoro. Ta ce tana ji mana, ita waliyiya ce? Amma tsoron ya fi cin ta in ita kaɗai ke riƙe da shi, kowa yana wangale mata haƙora. Ta ce keken na Auta ne. Ta ce in mayar wa matar mai gyaran rediyo yadinta, ba za ta samu ɗinkawa ba. Ta ce kar in bari ƙanwar mijinta ta zo tana birgima a tsakar gida, don ko a raye ba ta taɓa kawo mata ruwa ba. Muka yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Da ya lafa ta ce, "Auta fa? Fushi take yi da ni? Na ce masa ya kira min ita, ya ce aiki ya riƙe ta."

Nan ne ban san yadda zan yi ba sai gaskiya. Na faɗa mata abin da na ji a bakin ƙofa, ban rage ko kalma ba. Fuskarta ba ta motsa ba. Hannunta dai ya damƙe zanin gado.

Na kira Auta da wayata, na kara wa Tela a kunne.

"Auta, ni ce. Ba sauƙi, 'yata. Tafiya zan yi. Ki taho."

Ihun da yarinyar nan ta yi, ni da ke gefe sai da na ji shi a ƙirjina. Ta ce yanzu-yanzu za ta fita tasha. Amma garin da take aiki ba nan kusa ba ne, kwana ake yi a hanya, mota kuma sai ta cika.

Da aka kashe wayar Tela ta nuna ƙusa da haɓa.

"Sauko min da rigar nan. Ki duba cikin gwangwani, akwai reza."

Na gane nufinta tun kafin in miƙe, kuma ban hana ta ba. Hana ta? Ni na riƙe mata yadin, na ja shi ya miƙe don rezar ta samu hanya. Ko sau ɗaya ba ta yanki yadin ba. Zaren kawai take bi, ɗinki bayan ɗinki, tana tsinkewa tana zarewa. Ta fara da kafaɗa, ta gangara hannu, ta bi gefe. In ta gaji ta kwanta ta huta, ta ce in ɗaga ta, mu ci gaba. Guntayen zaren ina tara mata su a murfin gwangwani.

"Ba baki na yi masa ba," ta ce. "Ɗana ne, Allah ya ba shi zaman lafiya da matarsa. Amma ba zai shiga cikin mutane da ɗinkina a jikinsa ba. Ki goge ta, ki ninke yadda nake ninkewa. Ki ba shi da hannunki."

Na goge, na ninke, wuya a sama, aljihu a fili. Duk wanda ya gani zai rantse riga ce.

Washegari da hantsi Tela ta cika. Ina riƙe da hannunta, idonta a kan ƙofa. Ko motsin kaza ta ji a waje sai ta ce, "Ita ce?" In ce tana hanya. Tambayar da ta yi ta ƙarshe ke nan.

Ruwan wankan gawa da na ɗora a wuta bai ko tafasa ba Auta ta shigo, jaka a kafaɗa, takalmi ƙafa ɗaya ya tsinke. Ta tarar na rufe wa uwar fuska. Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta ɗora goshi a bakin gado tana cewa, "Mama, na zo. Ga ni na zo." Wannan maganar har gobe ba ta bar kunnena ba, kuma duk sanda ta dawo min, Manaja nake tsinewa a zuciyata.

Shi kuwa ya fi kowa kuka. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya girgiza kai ya ce, "Wallahi ba zato. Da sauƙi ta kwana." Ina jin sa daga cikin mata, ina haɗiye abin da ke taso min. Har cewa ya yi marigayiya ce ta bar wasiyya kar a ɗaga biki. Kuma ya bi abokansa yana faɗa musu rigar da zai sa ɗinkin mahaifiyarsa ne na ƙarshe.

Na jira. Ban kai masa rigar da safe yana shi kaɗai ba. Sai da na ga tsakar gidan ya cika, abokansa a kan benci, ga kawun amarya ya zo a ƙarasa shiri, sannan na fito da ita a kan hannuna biyu.

"Manaja, ga saƙon uwarka. Ta ce in ba ka da hannuna."

Ya miƙe har da share hawaye. "Ku gani," ya ce musu, "hannun Mama." Ya kama kafaɗun ya ɗaga.

Hannun rigar na dama ya fara faɗuwa. Na hagu ya bi shi. Gaban rigar ya zame ya zube a kan takalminsa, aljihu ya yi gefe. Aka bar shi tsaye da wuyan riga a hannu.



"Gwaggo... me ya sami rigar?"

"Da sauƙi," na ce.

Ya dubi yadin da ke zube a ƙasa, ya dube ni.

"Da sauƙi mana! Yadi ne, ko wane tela ka kai wa zai haɗa maka. Ita ta farke ta da hannunta, ranar da ta ji abin da ka faɗa wa ƙanwarka. Likita ya ce maka a kira kowa, a gabana. Ka riƙe yarinyar nan a can saboda kati. Uwarka ta mutu tana kallon ƙofa, Manaja. Mutu na ce, ka ji kalmar. Ita kuma kai wa tela ya ɗinke mu gani."

Kawun amarya ya sunkuyar da kai, ya lalubi takalminsa. Abokan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Na juya na tafi gida, kuma in ce muku ban ji daɗi ba, na yi ƙarya. Na ji, har cikin raina.

Da yamma na koma kai wa Auta shayi. Tana zaune gaban keken, ta yaye zanin amma ba ta taka ba. Murfin gwangwanin yana cinyarta, tana juya guntayen zaren da yatsa.

Manaja yana bakin ƙofar ɗakin a ƙasa, bai shiga ba. Ya shimfiɗa hannun rigar a gwiwarsa, ya kara shi da kafaɗar. Ramukan allurar suna nan a jere, ƙanana, layinsu a miƙe. Yana bin su da babban yatsa, yana ƙoƙarin haɗa wannan da wancan.

Na tsallake ƙafarsa na shiga da fulas.