Ƙeyar Hamisu Ɗan Kabu-kabu

Hamisu ɗan kabu-kabu ya ƙetare iyakar Nijar da Najeriya sau fiye da yawan gashin gemunsa, amma ko sau ɗaya bai taɓa bi ta ƙofarta ba. Shekara goma sha ɗaya yana kwasar mutane daga tashar Dungas zuwa Maigatari ta cikin gonaki, kuma in ka cire 'ya'yansa, ba abin da yake alfahari da shi kamar cewa duwan, wato 'yan kwastan, ba su taɓa dafa masa babur ba. Dole ma ya yi alfahari, don babur ɗin ba shi da takarda ko ta ƙunshe ƙosai. Daga Kano aka sayo shi, ta daji ya shigo, kuma shi ne gonar Hamisu, shi ne rumbunsa.

Wata Laraba a ƙarshen damina, gero ya fi mutum tsawo, Hamisu yana zaune a teburin Tsoho mai shayi, sai ga wani irin babur ya tsaya. Ƙato ne baƙi, da akwatunan ƙarfe biyu a kwiɓinsa, ga taya ta uku ɗaure a baya. Kafin mai shi ya cire hular kwano, Hamisu ya zagaye babur ɗin sau biyu, ya durƙusa ya leƙa injin, ya ƙwanƙwasa tankin da yatsa.

"Malam, wannan babur ne ko raƙumi? Lita nawa yake sha? Daga ina?"

Baƙon ya yi dariya. Ya ce sunansa Alkasim, haifaffen zangon Kumasi ne, yau kwanansa tara a hanya. Kakansa mutumin Kano ne, shi kuwa bai taɓa ganin Kano ba, shi ne ya ce bari ya je da kansa ya ga unguwar da ake ba shi labari. Hausarsa tana tafiya da ɗingishi, amma tana kaiwa.

"Kwana tara? Kai kaɗai? Ba kaya za ka sayar ba?"

"Gani kawai zan yi."

Hamisu ya dubi Tsoho, Tsoho ya dubi tukunyarsa. Mutum ya ƙone esans, man fetur na kwana tara, don gani kawai! Abin ya ba Hamisu mamaki, ya kuma burge shi, har ya ji yana son mutumin.

Da Alkasim ya ce so yake ya shiga Najeriya kafin la'asar, ko akwai mai nuna masa hanya, Hamisu bai bari wani ya riga shi ba. "Ai ka zo gidan sauƙi, Malam. Biyo ni, ko dala ba na so."

To, a wajen 'yan kabu-kabun Dungas, in mutum ya ce a kai shi Najeriya, ba a tambayarsa ta ina. Kai baƙo bakin bariyer, inda polis da duwan suke zaune, daidai yake da ka miƙa shi da hannunka. Mai mutunci ta bayan gari yake bi da baƙonsa, kuma Hamisu mai mutunci ne. Don haka da suka yi nisa kan hanyar burji, sai ya karya hagu ya faɗa wata 'yar siririyar hanya cikin gero.

Nan raƙumi ya nuna halinsa. Babur ɗin Hamisu yana tsallake yashi kamar akuya, shi kuwa ƙaton sai ihu yake yana tonon ƙasa, yana kaɗa gindi. Hamisu yakan tsaya ya jira, yana dariya cikin rawani. Sun ratsa gonakin gyaɗa, sun wuce wata rijiya inda mata suka saki guga suna kallo, sun kauce wa garken shanu, har suka iso gindin wata tsamiya. Hamisu ya kashe babur, ya buɗe hannuwa.

"Barka da zuwa Najeriya!"

Alkasim ya duba gabas, gero. Ya duba yamma, gero. "Ina iyakar?"

"Mun baro ta. Zo ka gani."

Ya ja shi baya kaɗan da ƙafa, ya ture karan gero, ya nuna masa wani dogon ƙarfe mai tsatsa a tsaye tsakiyar gona. Wake ya nannaɗe shi, wani manomi ma ya rataye gorarsa a jiki.

"Tangaraho ke nan. Tun zamanin Turawa yake nan. Wannan kunyar Nijar, waccan Najeriya, gonar kuwa ta mutum ɗaya ce."

Alkasim ya shafa ƙarfen, ya tsaya ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya ɗauki hoto yana murmushi. Can sai murmushin ya tsaya. Ya ce, "To ofis ɗin fa? Ina za a buga mini tampo, hatimin shiga ƙasa?"

"Ai shi na raba ka da shi," in ji Hamisu, yana jiran godiya.

Maimakon godiya, Alkasim ya zauna a kan kunya ya dafe kai. Sannan ya zaro wani ɗan littafi daga aljihun ƙirji ya miƙa masa. Hamisu ya sha jin ana cewa fasfo, amma yau ya fara riƙe shi. Ya buɗe a hankali. Kowane shafi da hatimai, wani zagayayye, wani mai kusurwa, wani ja, wani shuɗi. Har sansanawa ya yi.

"Wannan na fita Gana, wannan na shiga Togo," Alkasim yana nunawa. "Kowace ƙasa sai ta shaida na shiga, ta shaida na fita, ni da babur. Yanzu a takarda ina Nijar. In na hau hanyar Kano, shingen farko za su ce ta katanga na shigo. Su riƙe babur, ni kuma su rufe ni."

"Mu ai kullum muna shiga."

"Ku 'yan gida ne, ɗan'uwa. Ni da wannan raƙumin ina zan ɓuya?"

Kunya ta rufe Hamisu, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya zo yin gwaninta, ya jefa bawan Allah a rami. Ya ce su juya, zai fitar da shi kan burji ya nuna masa bariyer daga nesa, ya ƙarasa da kansa.

Ba su yi nisa ba ƙaton ya nutse a wani kwari mai yashi. Alkasim ya murɗa, ya sake murɗawa, sai wani ƙauri ya tashi. Hamisu ya san ƙaurin nan, ambireyaj ne, wato kulochi, ya ƙone, injin yana kuka amma taya ba ta juyawa. Garin sauka kuma babur ɗin ya kwanta wa Alkasim a ƙafa. Kafin su ɗaga shi da taimakon wasu manoma biyu, idon sawun ya kumbura ya yi suntum.

Manoman suka tura musu har bakin burji. Hamisu ya kwance igiyar da yake ɗaure raguna ranar kasuwa, ya ɗaura ƙaton a bayan nasa, Alkasim ya hau ya riƙe kai. Haka akuya ta ja raƙumi, a hankali, injin yana nishi.

Da tutar bariyer ta bayyana, Hamisu ya tsaya a inuwar wani gawo. Bai taɓa matsowa kusa haka ba. In ya ƙarasa, babur ya tafi, gobe kuma Alhamis, kasuwar Maigatari, ranar da yake samun abin da matarsa Rukaiya za ta dafa har mako ya zagayo.

Alkasim ya gane. Ya ce, "Kwance, ɗan'uwa. Zan lallaɓa." Ya sauke ƙafar, ya taka, ya cije leɓe ya koma ya zauna.

Hamisu ya dube shi, ya dubi tutar. Shi ya ɓata, wa zai bar wa gyara? Ya yi bisimilla ya tayar.

Shugaban duwan na wurin, Ajidan Issoufou, wani siririn dattijo ne mai tabarau, wanda ya sha bin Hamisu da mota cikin gonaki bai kama ko ƙurarsa ba. Ya fito daga rumfa ya tsaya yana kallon wannan jerin gwano. Bai dubi ƙaton ba ma. Ƙaramin ya zuba wa ido, da jan ƙyallen da ke ɗaure a madubinsa.

"Kai, sauko. Juya mini baya."

Hamisu ya juya.

"Ai kuwa ita ce! Wallahi ita ce! Shekara nawa ina bin ƙeyar nan. Juyo in gani. Ashe haka fuskarka take?"

Ma'aikata suka fashe da dariya. Hamisu ya ce, "Ina wuni, Shef," murya can ƙasa. Ajidan ya miƙa hannu ya zare makullin, ya jefa aljihu.

Aka tallafi Alkasim zuwa tebur. Duk da abin da ke cin Hamisu, sai da ya miƙa wuya ta taga, don ya rantse sai ya ga abin nan da ya jawo masa wannan masifa. Polis ya buɗe fasfo, ya ɗauko wani ɗan katako da bai kai muciyar yara ba, ya huhhura, ya danna. Ƙwas.

"Shi ke nan?" Hamisu ya faɗa da ƙarfi bai sani ba.

"Shi ke nan," in ji Alkasim.

Ajidan ya buga nasa a takardar ƙaton, yana sauraron Alkasim yana ba shi labari tun daga teburin shayi har gindin gawo, bai rage komai ba. Da ya gama, Ajidan ya fito ya tsaya gaban Hamisu.

"Kart giriz, takardar mallakar babur?"

"Babu, Shef."

"Takardar duwan?"

Hamisu ya sunkuyar da kai.

"Ka san haka ka zo?"

"Baƙona ne, Shef. Ni na ɓatar da shi."

Ajidan ya daɗe yana juya makullin a aljihu. Sannan ya fito da shi ya miƙa. "Wannan ba zai kai kansa ba. Ja shi zuwa wancan ofishin na Najeriya, ka haɗa shi da makanike da mai ɗori a Maigatari. In ka gama ka dawo ta nan. Ta nan fa. Babur zai zauna a wurina har ka yi masa takardu."

Hamisu ya laluba aljihu ya fito da wayarsa. "In bar wannan?"

"Riƙe abinka. Na ga fuskarka, ta isa."

Aka ɗaga sandar bariyer, Hamisu ya bi ta ƙarƙashinta yana ɗaga kai yana kallonta. A can ma aka buga wa Alkasim nasa. Hamisu ya kai shi wurin Ayuba makanike, ya kira mai ɗori, bai tafi ba sai da ya ga an ɗaure ƙafar an kawo masa fura. Da za su rabu Alkasim ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka san hanyoyi da yawa, ɗan'uwa. In ka koma ta daji, ba wanda zai ga laifinka." Hamisu ya zare hannunsa ya hau babur.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya iso mararraba. Ga 'yar siririyar hanyarsa ta shige cikin gero, ya san kowane kututture da ke kanta, ko ido rufe zai kai Dungas. Ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, injin yana aiki. Da Ajidan ya karɓi wayar, da wallahi ya bar masa ita ya faɗa geron nan ba waiwaye. Amma mutumin bai karɓi komai ba, kuma wannan shi ya fi ba Hamisu haushi. Ya yi tsaki, ya zagi raƙumi, ya zagi ɗan katako, ya zagi bakinsa da ya ce biyo ni. Sannan ya miƙe kan burji.

Ya tarar da Ajidan yana alwala. Dattijon bai ko ɗago ba, da haɓa ya nuna masa inuwar da zai ajiye. Hamisu ya kafe babur, ya kwance igiyarsa da jan ƙyallen, ya shafa tankin, ya ajiye makullin a kan tebur. Ya yi taku uku ya juyo.

"Shef, ita takardar, in an yi ta, da tampo a jiki?"

"Har biyu," in ji Ajidan.

Hamisu ya gyaɗa kai, ya saɓa igiyarsa, ya tsaya bakin hanya yana jiran ɗan kabu-kabun da zai kai shi gida.