Kunnen Baba

…kuma shuɗiyar nake so, Baba. Tun daga Gwandu ita ce a raina. Akori-kura biyu ƙirar Amurka, a ƙarƙashin dogon yaro nan Kalgo, irin wadda ka yi shekara ashirin kana jigilar albasa da ita. Shuɗiya da fara. Taka shuɗiya ce. To me ya kai Abdulhakeem wajen farar?

Ni na ce ya rako ni. Wa zan kira? Yaron motarka ne tun ban fara sallah ba, yau ga shi da garejinsa, har da furfura. Ni kuwa makaranta ka tura ni, ita ma ban ƙarasa ba…

Yaran mai motocin sun haɗa batir. Farar ta yi tari, ta kama. Tsatsa har ƙofa, kujera duk ɓera ya cinye. Abdulhakeem ya zaro sukundireba daga aljihu, ya ɗora bakinta a kan inji, ƙotar a kunnensa. Ya rufe ido ɗaya, na hagu. Salonka ne wannan, Baba. Har yadda kake cije leɓe. Yaushe ka ba shi? A hanyar Dalijan? Ni ina ina lokacin?

Wata bakwai ina juya ka a tabarma, ina ba ka kunu da cokali. Ni. Shi ran Juma'a kawai yake zuwa, da lemo a leda, sai ka tashi zaune. Ku yi ta maganar giyar mota da kuloci kuna dariya, ni ina bakin ƙofa da buta a hannu.

"Wagga ka ɗauka," in ji shi. "Shuɗiyar fenti ne kawai, injinta ya gama. Da Baba na nan, haka zai ce."

Baba. Ko Maigida bai ce ba. A gabana, ko nauyin baki babu.

Kuma na san gaskiya ya faɗa, abin da ke ci na ke nan. In na ɗauki shuɗiyar ba za ta kai Gwandu ba, jawo ta za a yi da igiya, gari na kallo. In na ɗauki farar, garejinsa za ta. Wata nawa? Hannunsa a cikinta kullum, ni sai in zo in tsaya daga gefe, ina tambaya ko an samu kayan gyara…

Ya miƙo min sukundirebar. "Saurara da kanka."

Ƙotar da ɗumin kunnensa. Na rufe ido. Ƙara ce, Baba. Ƙara kawai, kamar injin niƙa. Me kuke ji a ciki, ku biyu?

Mai motocin yana kallona, yana jira in yi magana. Na gyaɗa kai kamar na ji wani abu. Ban ɗaga kunnena ba tukuna… in na ɗaga, sai na faɗi wacce.