Hannun Jarin Taubasai

Tun da Zaidu mai gyaran salula ya koya wa tsofaffin fadarmu ta hira sayen hannun jari ta waya, ba mu sake shan shayi cikin natsuwa ba a Filinge. Mutanen da iyakar saninsu farashin rago a kasuwar Baleyara, sai ga su suna yanke wa kamfanonin Abijan hukunci. Daɗin abin dai ba a magana.

Mafi hayaniya su ne Magagi, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da taubashinsa Yahaya. Taubashi kuwa ba ya yarda da maganar taubashi, ko da ce masa ya yi rana daga gabas take fitowa. In Magagi ya sayi gabas, Yahaya yamma zai nufa.

Bana Yahaya ya sayar da shanunsa biyu, abin da ya rage masa na tsufa, ya ce zai zuba duka a wani sabon kamfanin manhajar waya da ake ta kururutawa. Magagi ya bincika, ya ga kamfanin ba shi da komai sai baki. Wani kamfanin wutar rana, mai kafa farantan kama hasken rana a ƙauyuka, shi ne mai ƙashi. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don ya san in ya ce kada a saya, ya ingiza Yahaya ne.

Washegari sai ya shigo fada yana yabon kamfanin manhajar kamar maroƙi. Ya ce wutar rana sana'ar masu ƙaramin tunani ce. Yahaya ya ce cika baki ne, in da gaske yake ya saya a gani. Magagi ya miƙa wa Zaidu waya, ya sa ya zuba masa ɗan abin da ya tara a kamfanin manhajar a gaban kowa.

"To ni wutar rana nika saye," in ji Yahaya. "Inda wanga ya taka, rami na."

Kafin kaka kamfanin manhajar ya durƙushe, na wutar rana ya yi ta hawa a hankali. Yahaya ya samu abin yi. Kullum da la'asar sai ya tambayi Magagi lafiyar dukiya, ya ce a ƙara masa sukari a shayi tunda shi kaɗai ya rage masa. Magagi yakan yi tsaki ya rama, amma ni da ke zaune kusa da shi ban taɓa ganinsa cikin walwala irin ta lokacin ba.

Ranar da ribar farko ta shigo, Yahaya ya sayo balangu ya baje mana. Ya ɗauki tsoka ya miƙa wa Magagi.

"Ci, talaka. Gobe in za ka sayen wani abu, ka tambayi masu hankali."

Daɗi ya sa Magagi ya manta kansa. Ya ce, "Gaskiyarka, taubashi."

Yahaya ya tsaya da tsokar a hannu. Tun suna yara bai taɓa jin wannan kalma daga bakin Magagi ba. Nan ya gane da gangan Magagi ya taka ramin saboda shi, sai ya mayar da tsokar, ya zaɓo masa wadda ta fi ta girma.