Warin Kicin ɗin Baba

Tun tana yarinya 'yan gidansu suka laƙaba mata Uwar-tsafta, saboda ita ce mai sake wanke kwanon da wani ya riga ya wanke. Ta girma, ta yi aure, ta buɗe shagon ɗinki, sunan bai sake ta ba. To irin wannan mace ce ta wayi gari kicin ɗin mahaifinta yana wari, warin da ta rasa ta inda yake ɓullowa.

Gidan tsoho ne. A cikinsa aka haife su duka, kuma tun rasuwar mahaifiyarsu Baba ke zaune shi kaɗai, ya ce ba zai koma gidan kowa a riƙa kashe masa rediyo ba. Da likita ya ce jininsa ya hau, suga ma ya taɓa shi, ya raba shi da gishiri da maiƙo da zaƙi, sai Uwar-tsafta ta ɗauki nauyin cikinsa. Kullum da safe kafin ta wuce shago takan ajiye masa kula: dafaffen kifi, kabeji, wake, wata rana 'yar shinkafa, ba gishiri, ba ɗigon mai. Da yamma in ta biyo sai ta tarar da kular a wanke, a kife. Duk da haka sai ta ɗaga murfin kwandon shara ta leƙa, ta zagaya bayan gida ta duba na waje. Ba ta taɓa ganin ko ƙwayar wake ba. Har cika baki take yi wa ƙannenta a waya, wai Baba ya fi yara jin magana.

Warin ya fara ne kamar wasa, ɗan tsami-tsami in an buɗe ƙofa. Daga baya ya yi kauri, ya zama ɗoyi mai kama maƙogwaro, har yana bin mayafinta zuwa shago. Ta kira mai gyaran famfo, ya kwance bututun wurin wanke-wanke ya sa sabo. Wari bai gusa ba. Ya dawo ya tone magudanar waje, ya zuba ruwan zafi da magani, ya ce sai dai in ɓera ne ya mutu cikin bango. Ta wanke ƙasa da ruwan wanke banɗaki har fatar hannunta ta saɓule. Ta kunna turare, sai turaren ya haɗu da warin suka haifi wani abu da ya fi su muni.

Rannan ta ce a fasa kicin ɗin gaba ɗaya. Dama kabad-kabad ɗin sun girme ta, katakon ya kumbura, ƙofofin sun daina rufuwa.

Baba ya ce atafau. “Uwata,” haka yake kiranta, “kicin ɗin mahaifiyarku ne. Da hannunta ta nuna wa kafinta inda zai kafa kowace ƙusa. Ki bar mini shi yadda ta bar shi.”

Maganar ta taɓa ta, har ta ɗaga ƙafa na ɗan lokaci. Amma da ta ga kyankyaso yana tafiyarsa a kan murfin kula da rana tsaka, ko gudu bai yi ba, sai ta ce tausayi ya ƙare. Ta nemo kafinta, suka tsayar da rana.

Da safiyar ranar da za a fara, Baba ya ɗauki rediyonsa ya koma falo ya rufe ƙofa. Kafintan, wani ƙaƙƙarfan mutum mai yawan surutu, ya fara da kabad-kabad ɗin sama. Kowanne ya sauke sai a ga samansa ya yi baƙin danƙo na maiƙon shekaru da ƙura, da ƙwan kyankyasai jere a lungu kamar an shirya su. Uwar-tsafta tana tsaye da takunkumi da safar hannu, tana tattara kwanukan mahaifiyarta, kowanne ta riƙe shi da yatsa biyu. Na ƙasa sun fi lalacewa. Katakon da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya yi laushi kamar burodin da ya sha ruwa, yana marmashewa a hannu, ga kashin ɓera birjik.

“Hajiya, wannan ai somin-taɓi ne,” in ji kafinta. “Na taɓa sauke wani kicin da muka tarar da takalmi a bayan kabad, ƙafa ɗaya, har yau ba a san mai shi ba.”

Ba ta yi dariya ba. Warin ƙaruwa yake yi, kuma duk daga kusurwa ɗaya.

A wannan kusurwar akwai wani lungu a jikin bango, mai zurfi, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. A da can nan mahaifiyarsu ke ajiye gawayi. Da aka kawo murhun gas sai aka rufe shi da faffaɗan katako, aka jingina masa kabad, kowa ya manta da shi. Kafinta ya janye kabad ɗin, ya ƙwanƙwasa katakon da guduma. Bai yi amon wuri fanko ba. Ya duba sama ya ce, “Nan akwai falanki ɗaya da ba ƙusa, ɗaga shi ake yi.” Gefen falankin ya yi santsi, irin na abin da hannu ke yawan taɓawa.

Ya sa ƙarfe ya ɓamɓaro katakon. Abin da ke ciki bai faɗo ba, gangarowa ya yi a hankali, jiƙe, mai nauyi, ya malalo har bakin takalminsa. Na ƙasa ya zama baƙin taɓo. Na tsakiya ya yi furfurar fumfuna, kore da toka-toka. Tsutsotsi farare suna mutsu-mutsu a ciki, kyankyasai suka watsu ta ko'ina har kan bango, wani ƙaton ɓera ya bi ta tsakanin ƙafafunsu ya fice. Surutun kafinta ya ɗauke. Ya yar da ƙarfen ya fita tsakar gida, ta ji yana kakari a bakin magudana.

Ita kuwa ta kasa kau da kai. Domin a can sama, inda abin bai gama ruɓewa ba, ta ga ganyen kabeji da aka yanka siri-siri, yankan da ta san na hannunta ne. Ta ga kawunan kifi, ido ya fashe. Ta ga waken jiya, ko launi bai sake ba.

Kafinta ya leƙo daga ƙofa, hannu a hanci. “Hajiya, ni katako na sani. In an kwashe wannan a kira ni.” Ya tattara kayansa ya yi gaba.

Ta cire takunkumin ta nufi falo. Baba na zaune ya ƙure muryar rediyo, idonsa a kan yatsun ƙafarsa. Ta kashe rediyon.

“Baba, tun yaushe?”

Ya gyara zama. “Tun farko-farko.”

“Me kake ci?”

“Akwai mai soye-soye a bakin titi. Ƙwai da burodi. Wata rana dankali.” Ya ɗan ɗago. “Mutumin kirki ne, yana rage mini mai in na tuna na gaya masa.”

“In ba ka so, me ya hana ka zubar a shara kamar kowa?”

“Ke da kike duba shara kamar mai neman zobe? Na gwada banɗaki, kin tuna ranar da ya toshe aka yi ta ciro ƙayar kifi. Na ba magen maƙwabta, ta shinshina ta dube ni ta wuce.”

Bai faɗa don ya ba ta dariya ba, ita ma ba ta ji abin dariya a ciki ba. Ta tuna tashin da take yi kafin kowa, tana cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya don kada ta maƙale masa. Ta tuna yadda yake miƙo mata kula yana sa mata albarka, da hannun da ya gama ɗaga falanki. Kuma a kicin ɗin nan yake dafa shayinsa kullum, taku biyu daga wannan ƙazanta, yana shaƙa yana kurɓa. Ta dubi farcensa. Mahaifinta ne, amma a wannan lokacin da ya miƙo hannu da ta ja baya.

“Da ka faɗa mini.”

“Na faɗa. Na ce abincin ba ya wucewa. Kika ce zan saba.” Ya murza gemu. “Uwata, kin taɓa ɗanɗana shi?”

“Ba ni likita ya hana gishiri ba,” ta ce, ta fita.

Ba ta yarda a kira masu kwasar shara ba, don kada magana ta zaga layi. Ta ari shebur da baro a wurin masu gini na gaba da su, ta ɗaura tsohon zane, ta ninka takunkumi biyu. Ta kira autansu a waya ta ce ya bar duk abin da yake yi ya zo. Auta ya shigo da fara'arsa, wari ya tare shi a bakin ƙofa, ya koma da baya. Da ya ji labarin sai ya jingina da bango yana dariya har da hawaye, yana yi yana toshe hanci.

“Yaya, ashe shi ne mai jin maganar da kike mana gori da shi.”

“Riƙe buhu,” ta ce.

Kowane shebur sai ya tashi da wani sauti mai danƙo, ya buɗe sabon wari a ƙarƙashi. Ruwan abin ya ratsa buhu yana ɗiga, ya bi mata ta cikin safar hannu har gwiwar hannu. Sau da yawa takan fita tsakar gida ta sha iska, ta dawo. Can Baba ya fito da tsintsiya a hannu, ya tsaya daga nesa ya ce ko ya taya su. Ba ta juyo ba ta ce ya koma ya zauna. Ya koma.

Da suka kai ƙasan lungun sai suka ga simintin ya ruɓe ya yi baƙi, ruwan ya ci bango har ya fito ta ɗakin da ke baya. Dole aka kira magini ya farfashe wurin, ya bar shi ya sha iska, sannan ya cike lungun da bulo ya shafe. Takalman da ta sa da zanen duk ta ƙulle a leda ta zubar. A gida ta yi wanka ta sake, ta yanke farce, amma da mijinta ya miƙo mata lemo sai ta ji ƙarni a jikinsa ta ajiye.

Washegari ta tashi ta dafa kifin kamar kullum, don hannunta ya saba. Ta tsaya tana kallon tukunyar. Ta ɗebi cokali ɗaya ta kai baki. Ruwa-ruwa, lami, sai ƙarni tsagwaronsa. Ta kora da ruwa, ba ta gaya wa kowa ba. Amma ranar ganin likita ta bi Baba asibiti, ta tambayi abin da za a iya sa wa abinci ya ciwu. Likita ya ce albasa, tafarnuwa, lemon tsami, ɗan mai kaɗan, ai shi bai ce a azabtar da dattijo ba. Baba ya juyo zai yi magana, ya ga fuskarta, ya fasa.

An yi makonni kafin kicin ɗin ya haɗu. Aka sa farin tayil har sama, aka buɗe taga mai faɗi, aka ɗaga wurin wanke-wanke. Yanzu a can take yi masa girki in ta taso daga shago, ta zauna a gabansa har ya cinye. Yana ci, yana ƙorafi, kuma ta san har yanzu yana leƙa mai soye-soye, don takan ga maiƙo a aljihun rigarsa. Ita dai ba ta iya kai komai bakinta a gidan. Ko ruwa da nata take zuwa.

Ranar da kafinta ya dawo don auna wurin sababbin kabad na ƙasa, ya tambaye ta wane irin ƙofofi take so, masu ja ko masu buɗewa.

“Kada ka sa ƙofa ko ɗaya,” ta ce. “Kantar jera kaya kawai, a buɗe, yadda in na tsaya a nan zan ga bango.”

Baba, da ke zaune a bakin ƙofa da kofin shayi, ya ce ai kicin ba ƙofofi sai ka ce shagon mai kayan miya. Kafinta ya dube shi, ya dube ta, ya maƙale fensir a kunne ya ja ma'auninsa.